MURNA WADDA BA TA ƘAFEWA DA RANI

Karatu: Habakkuk 3:17-19, Filibiyawa 4:4-13

Muna roƙon kowane mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki nasa ya karanta ayoyin nan na bisa tukuna, kana ya bi wannan magana, gama daga cikinsu muka ɗebo dukan abin da za mu faɗi.

Akwai wata tambaya da ta ke yawo a bakin masu bi, a ƙofar majami'a bayan sujada, da wurin gaisuwar mutuwa, da kan hanyar gona. Tambayar ke nan: Ƙaƙa mutum zai yi murna a irin wannan zamani?

Ba mu ga laifin mai tambaya ba. Ƙasarmu ta Funtua da Malumfashi ƙasar noma ce. Allah ya ba ta ruwa da ƙasa mai kyau, har masara da dawa da auduga da waken soya da a ke nomawa a nan su kan cika kasuwannin Funtua da Bakori da Dandume, motoci su ɗauka su kai nesa. Amma shekarun nan manomi ya ga abin da ya ishe shi. Tun 2016 wata baƙuwar tsutsa ta shigo ƙasar nan tana cin zuciyar masara. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kome na kasuwa ya bi shi, buhun taki ya gagari talaka. Abin da ya fi duka ciwo kuwa shi ne 'yan bindiga. A Disamba 2020 suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Kankara. A Agusta 2025 suka faɗa wa maƙwabtanmu a masallacin Unguwar Mantau da asuba, suka kashe mutane da yawa. Akwai gonaki da aka bari ciyawa ta cinye domin tsoro, akwai gidaje da suka sayar da shanun noma domin biyan kuɗin fansa.

To, a cikin wannan hali ne Maganar Allah ta ke umurtarmu mu yi murna. Ko Allah bai san abin da mu ke ciki ba ne? Ya sani sarai. Bari mu duba mutumin da ya koyi wannan darasi tun kafin mu.

1. ABIN DA HABAKKUK YA GANI

Annabi Habakkuk ya yi zamaninsa a Yahudiya wajen shekara 600 kafin haihuwar Ubangijinmu. Ƙasarsa ta cika da zalunci, shari'a ta karkace, mai ƙarfi yana cin marar ƙarfi. Littafinsa bai soma da waƙa ba, da ƙara ya soma. Ya kai kuka gaban Allah yana tambaya har yaushe zai yi ta kira ba a amsa masa ba. Amsar da ya samu kuwa ta ƙara masa nauyin zuciya, gama Allah ya gaya masa Kaldiyawa suna zuwa, mayaƙa marasa tausayi masu dawakai, za su share ƙasar.

A cikin sura ta 3 aya ta 17 annabin ya zauna ya ƙidaya hasarar da ke tafe, kamar yadda maigida ya kan ƙidaya damman hatsi a bakin rumbu. Abu shida ya lissafta: ɓaure, da inabi, da zaitun, da amfanin gona, da tumaki, da shanu. Dukansu za su tafi. Da a ƙasarmu ya ke, da ya ce masara ba ta yi goyo ba, ƙuduji ya shanye dawa, auduga ba ta fashe ba, rumbu ya zama wofi, an kore awaki, turke ya rage ba sa. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, ƙarshen arzikin manomi ke nan.

Amma a aya ta 18 ya yanke shawara a ransa, cewa duk da haka zai yi murna, kuma ya faɗi inda murnar za ta fito: daga Ubangiji, Allahn da ya cece shi. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Tsakanin aya ta 17 da ta 18 ruwa bai sauko ba, Kaldiyawa ba su juya ba, ba a mayar masa da ko tunkiya ɗaya ba. Abin da ke waje yana nan yadda ya ke. Mutumin ne ya ɗauke zuciyarsa daga kan kyauta ya ɗora ta a kan Mai bayarwa.

Asirin wannan yana cikin sura ta 2 aya ta 4, inda Allah ya nuna masa bangaskiya ce abin rayuwar mai adalci. Maganar nan tana da nauyi ƙwarai, har an maimaita ta sau uku cikin Sabon Alkawari, a Romawa 1:17, da Galatiyawa 3:11, da Ibraniyawa 10:38.

2. DAƊI DABAM, MURNA DABAM

Mutane da yawa su kan haɗa jin daɗi da murna su ɗauke su abu guda. Jin daɗi kamar kududdufi ya ke. Da damina ya kan cika har ya tumbatsa, kwaɗi su yi ta kuka a ciki, yara su yi wanka. In hunturu ya busa kwana kaɗan, sai taɓo, daga nan sai ƙasa ta tsage. Haka daɗin kaka mai albarka ya ke, da daɗin sabon babur, da daɗin biki. Ba mu ce mugun abu ba ne, kyautar Allah ce, mu karɓa da godiya. Amma daga sama ya ke samun ruwansa, ba shi da idon ruwa na kansa.

Kowane manomi a ƙasarmu ya san gawo. Da damina, sa'anda dukan itatuwa su ke kore, shi ya kan zubar da ganyensa. Amma da rani, sa'anda ciyawa ta bushe, rana tana dukan ƙasa, a lokacin ne gawo ya kan yi ganye shar. Dalili kuwa shi ne saiwarsa tana nutsewa can ƙasa ƙwarai, har ta kai ga ruwan da ido ba ya gani. Ba ya jiran hadari. Saboda haka makiyayi ya kan sami inuwa a gindinsa cikin zafin bazara, awaki su ci 'ya'yansa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki, har dawar da aka shuka ƙarƙashinsa ta fi ta sauran gona kyau. Shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare gawo.

Murnar mai bi irin wannan ce. Rani ne ya kan bayyana ta. Muddin rumbu yana cike ba a iya rarrabe mai bangaskiya da marar bangaskiya, gama dukansu suna dariya. Ranar wahala ce ta kan nuna inda saiwar kowa ta tsaya.

Kada kuwa wani ya yi tsammani murnar nan ta hana kuka. Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, ko da shi ke ya san zai tashe shi nan da nan. Bulus ya shaida wa Korintiyawa baƙin ciki da murna suna zaune tare a zuciyarsa (2 Korintiyawa 6:10). Gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, kada kowa ya tsauta mata domin tana kuka, kada kuma a ce bangaskiyarta ta kasa. Hawaye suna bisa fuska, murna tana can ƙasa inda saiwa ta ke.

3. SAIWOYI UKU

Ina ne ruwan nan na ɓoye ya ke? Maganar Allah ta nuna mana wuri uku.

Na fari, an gafarta zunubanmu. Bashin da ya fi kowane bashi nauyi, Yesu Kristi ya biya shi da jininsa a bisa giciye. Mun san abin da a ke kira kuɗin fansa, mun ga yadda dangi su kan sayar da gona da dabba domin su karɓo mutum ɗaya. Mu ma kamammu ne dā, a hannun zunubi da Shaiɗan, ba kuwa danginmu da ke da abin biya. Ɗan Allah ya ba da ransa ya fanshe mu. Sa'anda almajirai saba'in suka komo suna murna domin aljanu sun yi musu biyayya, Ubangiji ya juya hankalinsu ga abin da ya fi, watau an rubuta sunayensu a sama (Luka 10:20). Ɓarawo yana iya kore garke, amma hannunsa ba ya kai ga wannan littafi.

Na biyu, ba a bar mu mu kaɗai ba. A Filibi aka yi wa Bulus da Sila bulala, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare aka ji suna addu'a suna raira waƙa ga Allah, sauran fursuna suna kasa kunne (Ayyukan Manzanni 16:25). Ba girgizar ƙasa ce ta sa su waƙa ba, gama sun riga sun soma waƙa kafin ƙasa ta girgiza. Wanda ke tare da su a ɗakin ne ya sa. Bayan shekaru, Bulus yana ɗaure kuma, ya rubuta wa ekklesiyar nan ta Filibi wasiƙa mai sura huɗu kaɗai, amma ya ambaci murna a ciki fiye da sau goma. Ya ce musu koyo ya yi, ya koyi zama da ƙoshi, ya koyi zama da yunwa. In manzo ya koya, mu ma sai mu shiga makarantar. Murna tana cikin 'ya'yan da Ruhu Mai Tsarki ya ke haifarwa a cikin mai bi (Galatiyawa 5:22), ba a sayen ta a kasuwa, ba a kuma matsa ta da ƙarfi.

Na uku, mun san ƙarshen labari. A daren da aka bashe shi, Yesu ya kwatanta baƙin cikin almajiransa da naƙudar mace, wadda ta kan manta da azaba da zarar ta ga jariri, ya kuma yi musu alkawari ba mai iya ƙwace murnar da za su samu sa'anda suka sake ganinsa (Yohanna 16:21-22). A rana ta uku kabari ya zama wofi. Tun da Kristi ya tashi, mutuwa ba ita ke da magana ta ƙarshe ba. Mai bindiga yana da iko bisa jiki na ɗan lokaci, amma akwai ranar shari'a da ke jiransa in bai tuba ba, akwai kuma ranar tashi da ke jiran waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji.

4. SHAIDU DAGA ƘASARMU

Wani zai ce, Ai waɗannan mutanen Littafi ne, mu ba kamarsu mu ke ba. To, bari mu dubi ƙasar Hausa.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan na arewa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da kyar. Ya sake gwadawa, ciwo ya sake kore shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. A idon mutum shekarun nan hasara ce zalla, kabari biyu ba tuba ko ɗaya. Amma daga wannan iri ne aikin SIM ya tsiro, daga cikinsa kuma ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Ku tuna kuma da mutanen Gimi. Wajen 1913 waɗansu daga cikin jama'ar da a ke kira Isawa, masu girmama Annabi Isa tun zamanin kakanninsu, suka nemi Likita Miller na CMS a Zariya domin su ji labarin Yesu sosai. Suka ba da gaskiya, suka kafa ƙauyensu a Gimi, da majami'a da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe da yawa, har ƙauyen ya watse. Sababbin masu bi ne, suna da hujjar cewa sabuwar hanya ce ta jawo musu masifa. Amma waɗanda suka ragu suka riƙe bangaskiyarsu, suka zama cikin tushen ekklesiyar da ta zauna a Wusasa tun 1929. Makarantar Wusasa ce ta yi renon Ishaya Audu, wanda ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1966. A 1932 kuma aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa.

Haka kuma a asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, inda ma'aikatan SIM suka yi jinya. Mutanen da danginsu suka guje su, waɗansu ba yatsun da za su riƙe littafin waƙoƙi, a can suka ji bishara, suka koma garuruwansu suna shaida. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Ekklesiya ta ratsa dukan waɗannan, ba ta daina waƙa ba. Allahn da ya riƙe su bai tsufa ba.

5. RIJIYOYIN DA BA RUWA

Sa'anda ƙishi ya tsananta mutum ya kan sha kowane irin ruwa. Saboda haka muna yi muku gargaɗi a kan abu huɗu.

Akwai giya da ƙwaya. Su kan rufe baƙin ciki dare ɗaya, da safe ya tashi tare da mai shi, ya tarar an sayar da tiyar dawar da yara za su ci. Akwai komawa wurin boka da neman laya da maganin bindiga. Iyayenmu da suka fito daga tsafi sun ƙone waɗannan abubuwa da hannunsu, sun san tsoron da ke cikinsu, kada mu tono abin da suka binne. Akwai masu wa'azin da su ke cewa in ka ba da kuɗi kaza wahala ba za ta taɓa ka ba, wanda ya sha wuya kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Ku auna wannan koyarwa da Habakkuk da Bulus da giciyen Ubangiji, za ku ga ba ta da nauyi. Na huɗu shi ne ɗaukar fansa da ƙin wata kabila dukanta saboda laifin waɗansu. Tsare gida da kai rahoto ga hukuma daidai ne, neman shari'a daidai ne. Amma zuciyar da ta ajiye ƙiyayya ba ta da wurin ajiye murna, gama ba a zuba nono a ƙwaryar da ke cike da maɗaci.

6. YADDA ZA MU RIƘE TA

Gawo ba ya kai saiwarsa ga ruwa rana ɗaya. Ga abin da ya wajaba mu yi, tun yau.

Mu karanta Maganar Allah kowace rana a gidajenmu. Maigida ya tara iyalinsa da safe ko da dare, a karanta ko aya biyar ce, a yi waƙa ɗaya, a yi addu'a. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Yara su haddace ayoyi, gama ranar gudu ba kullum a ke samun ɗaukar littafi ba, amma abin da ke cikin zuciya yana tafiya tare da mai shi har cikin daji.

Mu kai kukanmu wurin Allah kai tsaye, yadda Habakkuk ya yi. Gunaguni shi ne yin maganar Allah a bayan idonsa, addu'a kuwa faɗa masa ne a gabansa. Filibiyawa 4:6 ta koya mana mu haɗa roƙo da godiya. Kafin ka lissafta abin da ka rasa, lissafta abu uku da aka bar maka.

Kada mu bar taruwa. Itace ɗaya ba ya riƙe wuta a murhu, in an ja shi gefe sai ya mutu. Wanda baƙin ciki ya hana shi zuwa sujada, dattawan ekklesiya su je su same shi a gida. Zumuntar mata su zauna da gwauraye, ba ranar jana'iza kaɗai ba, har watannin da ke biye, sa'anda masu gaisuwa suka watse.

Mu buɗe hannu. Ekklesiyoyin Makidoniya suna cikin tsanani da talauci ƙwarai, duk da haka Bulus ya shaida murnarsu ta sa suka yi bayarwa fiye da ƙarfinsu (2 Korintiyawa 8:1-3). In Allah ya ba ka buhu goma, ka tuna da ɗan'uwan da bai shiga gonarsa bana ba. Matasa su yi gayya su nome gonar gwauruwa da ta tsoho. Wanda ya gudo daga ƙauyensa a ba shi ɗaki da ɗan fili. Kada kuma alherinmu ya tsaya a ƙofar majami'a. Maƙwabtanmu Musulmi sun binne nasu kamar yadda muka binne namu, harsashi bai tambayi addinin kowa ba. Mu je mu yi musu ta'aziyya, mu kai abin da mu ke da shi, gama Romawa 12:15 ta umurce mu mu shiga kukan mai kuka. Inuwar gawo ba ta zaɓen wanda zai zauna a ciki.

7. TAMBAYA GA MAI KARATU

Ya mai karatu, ina saiwarka ta tsaya? In a kan rumbu ta ke, ranar da rumbu ya ƙare murnarka ta ƙare. In a kan lafiya ko 'ya'ya ko albashi ta ke, dukansu aro ne, Mai su yana iya karɓa. Mai yiwuwa an haife ka a gidan masu bi, sunanka yana cikin littafin ekklesiya, amma ba ka taɓa miƙa kanka ga Yesu Kristi ba. In haka ne, abin da muka faɗi duka zai zama maka kamar labarin ruwa ga mai ƙishi. Ka zo wurinsa yau, ka faɗi zunubanka, ka karɓe shi Mai Cetonka. Ba ya korar wanda ya zo.

Kai kuwa ɗan'uwa da ka ba da gaskiya amma zuciyarka ta yi sanyi, ba mu yi maka alkawarin damina mai zuwa za ta fi ta bara ba, ba mu kuma san ranar da ƙasarmu za ta huta ba. Wannan yana hannun Allah, muna kuwa roƙonsa dare da rana. Amma Habakkuk ya rufe littafinsa da cewa Ubangiji ya kan ba mutum ƙafafu irin na barewa, masu taka duwatsu ba su zame ba. Bai ce za a kawar da dutsen ba. Ƙafar hawa a ke bayarwa, kowace rana gwargwadon tafiyar ranar.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka ga gonakinmu, ka ga kaburburanmu, ka san waɗanda ke hannun mugaye har yanzu. Ka komo da su gida lafiya. Ka juya zukatan masu zub da jini su tuba. Ka ba masu mulkinmu hikima da tsoronka. Ka ciyar da marayu da gwauraye ta hannunmu. Ka nutsar da saiwarmu cikin Ɗanka, domin ko rani ya daɗe a same mu da ganye, maƙwabtanmu su gani su ɗaukaka sunanka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.